Lambar Jinin Yayarsu

Litinin, bayan la'asar

Mun dawo daga asibiti. Lambar ba ta hau ba.

Bari in rubuta yadda likita ya yi mana bayani, don kada gobe wani ya ce ban fahimta ba. Jini ya daskare a jijiyar ƙafar hagu ta Yayarsu, babbar 'yata, tun kwanciyar da ta yi a wurinsu. In gudan ya ɓalle, huhu zai nufa, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ƙwayar da take sha kowace yamma, aikinta ta tsinka jinin. Duk Litinin za a ɗiba a auna, akwai lambar da ke nuna ko ya tsinke yadda ake so. Tsakanin biyu da uku ake nema. Tata ko ɗaya da rabi ba ta kai ba. Kafin ta kai, ba za a daina yi mata allura a fatar ciki ba.

Likita ya tambaye ta ko tana shan maganin. Ta ce tana sha. Bai dube ta ba, ni ya duba. Ban ji daɗin kallon ba.

Tana ɗakinta na da, wanda ta bari ranar da ta yi aure. Mijinta ya so ya wuce da ita gidansu da aka sallame ta, na ce a'a. Macen da ta zubar da jini irin haka, ba namiji mai fita tun safe ne zai yi jinyarta ba. Ƙannenta duk suna makaranta, gidan shiru, daga ni sai Babansu.

Na dafa mata alayyafo cike da kwano. Jinin da ya zuba, ganye ne ke mayar da shi, haka aka raine ni, haka na raine su. Ta ci rabi ta ture. Na ja kujera na zauna har ta cinye.

Talata, da safe

Ƙafar tana nan a kumbure. Na ɗora mata a kan matashi.

Laraba, da rana, a ofis

Na koma aiki yau. Jarrabawa ta matso, kuma babu mai buga takardun makarantar nan sai ni. Ɗakina yana nan yadda na bar shi: fanka mai kuka, firinta mai cin takarda, tagar da ba ta rufuwa. Wani ya sha shayi a kofina bai wanke ba. Zan gano ko wane ne.

Malamin Turanci ya kawo tambayoyin 'yan aji biyar, da rubutun nan nasa kamar kaza ta taka tawada. A ciki akwai kalmar counteract, an ce ɗalibi ya zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Ina bugawa na ce ai wannan kyauta ce, cancel ce amsa.

Ya ce, "Uwar ofis, da ke ce a aji, da kin faɗi."

Na ce, "Malam, na ci Turanci a jarrabawar fita tun kana tsumman goyo."

Ya ja kujera ya zauna, shi dama neman mai sauraro yake. Ya ce in an soke taro, taro ya tafi, babu shi. Amma wannan kalma ba ta kawar da abu. Abin yana nan daram, sai dai an kawo wani abu da ke ture shi, har ƙarfinsa ya ragu ko ya tashi a banza. Ya miƙe ya dafa ƙofar ofis ya ce in ɗauka akwai ƙato a waje yana turowa, shi kuma yana turawa daga ciki. "Mai wucewa zai ce ƙofa a tsaye take, ba abin da ke faruwa. Alhali mutum biyu ne ke gumi."

Ya ce kuma ba a ɗora ta a kan taro ko tafiya ko alkawari. Tasirin abu take bi: dafi, zafi, ɗaci, mugun hali. Sukari a shayi mai ɗaci, in ji shi, bai cire ɗacin ba, danne shi ya yi.

Na ce to na gane, abin da tarbiyyar gida ya kamata ta yi wa wayar hannu ke nan, da iyayen yanzu suna da tarbiyyar. Ya yi dariya ya ce zai sa wannan a jarrabawar baɗi.

Da ya fita na duba ƙamus. Da gaskiyarsa. Ban ga dalilin da zai sa in gaya masa ba.

Bai yi mini gaisuwar da kowa ke yi ba. Na gode masa a raina.

Alhamis, bayan magariba

Surukina ya zo daga wurin aiki, hannunsa duk baƙin mai. Gyaran firji yake yi. Yaro ne mai ladabi, ban taɓa cewa ba shi da shi ba, sai dai sanyinsa ya yi yawa, kamar sana'ar ta shige shi. Ya zauna a bakin kujera, ita tana kallon bango, shi yana kallon ƙafarta.

Na shigo da kwano. Ya leƙa ya ce, "Umma, ranar da aka sallame ta kamar an yi maganar abinci, wai..."

Na ce, "Wai me?"

"Wai akwai abin da za a kula da shi."

Na ce, "'Ya'ya huɗu na haifa na raina, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa ko ya ci abin da zai cuce shi. Kai ka ji da injin firji, ka bar mini tukunya."

Ya ce, "Haka ne, Umma. Allah ya huci zuciyarki."

Da na raka shi ƙofa ya tambaye ni a hankali yadda zai yi da kayan da ke ɗakinsu. Na ce ya kwance ɗan ƙaramin gadon, ya haɗa komai a kwali ya kai gidan yayarsa kafin ta koma. Ya ce ya kasa shiga ɗakin. Na ce ai shi namiji ne.

Juma'a, da hantsi

Mata sun zo, cike da falo. Wata ta fara sheshsheƙa tun daga ƙofa. Na ce wadda ta zo kuka ta koma ta yi shi a gidanta, mu nan haƙuri muke yi. Allah ne ya bayar, shi ya san abin da ya sa. Suka sha ruwa suka tafi da wuri.

Gaban rigarta ya jiƙe. Na miƙa mata wata.

Lahadi, da yamma

Ta ci. Ta sha ƙwaya.

Litinin, bayan azahar

Lambar ta motsa kaɗan, motsin da bai kai a kira shi motsi ba. Likita ya ƙara ƙarfin ƙwayar. Ya sake yin tambayarsa, ta sake ba shi amsarta.

Muna fita wata ƙaramar nas ta ja ni gefe. Ta ce, "Mama, ku sa mata ido sosai. Wasu matan in irin wannan abu ya same su, sai ka ga..." Ba ta ƙarasa ba.

Na ce, "Sai ka ga me? 'Yata ta san Allah."

Ta ce, "Yi haƙuri, Mama."

Yaran yanzu, an ba su farar riga sun ɗauka an ba su lasisin faɗin duk abin da ya zo bakinsu.

Litinin, bayan magariba

Ni na ba ta ƙwayar da hannuna. Da ta haɗiye na ce ta buɗe baki. Ta dube ni. Na ce ta ɗaga harshe. Ta ɗaga.

Ba don wani abu ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Talata, da safe

Na cire sakatar banɗaki. Na zuba kusoshin a gwangwanin allura da zare.

Babansu ya same ni da sukudireba a hannu. Tun da ya bar aiki ba shi da abin yi sai rediyo da sa baki.

Ya ce, "Hedimasta, yau kuma banɗaki ne ya karya doka?"

Na ce sakatar tana cijewa.

"Shekara nawa tana cijewa ba ki taɓa ta ba. To ni fa? In na shiga waƙa zan riƙa yi don a san da mutum?"

Na ce ya yi, dama muryar tasa ta isa korar ɓarawo.

Ya daina dariya ya ce, "Ki bi ta a hankali. Ba ƙaramar yarinya ba ce."

Na ce a hankalin da ya bi da su ne ya sa komai na gidan nan a wuyana yake. Ya ɗauki rediyonsa ya fita baranda.

Laraba, bayan la'asar

Na biya kasuwa daga ofis. Tunda jikin ya ƙi karɓar magani, to jinin ne bai wadata ba, dole a ƙara masa. Na sayi alayyafo dami guda, da kabeji, da latas.

Mai ganye ya ce, "Hajiya, zomaye kika fara kiwo ne? In haka ne ki ajiye mini mace."

Na ce ya ƙulla mini kayana ya bar surutu, rabin ganyen ma ya yi yaushi.

Yanzu da safe ina niƙa ɗanye a bilenda in tace mata kofi guda, da rana dafaffe, da yamma dafaffe. Tana toshe hanci ta shanye. Magani ba ya daɗi. Wanda ya ƙi ɗacin yau zai sha na gobe.

Alhamis, bayan magariba

Bayan ta sha ƙwaya ta shiga banɗaki. Na zo wucewa da tsintsiya, sai na tsaya a ƙofar.

Famfo ne kawai ke zuba. Ba amai. Akwai wani sauti a ƙarƙashin ƙarar ruwan, ban tsaya jin sa ba. Na tafi na share baranda, duk da na share ta da safe.

Juma'a, da rana, a ofis

Malamin Turanci yana duba takardu a ɗakina saboda fankarsa ta mutu. Ya ce yawancin aji sun zaɓi irin amsata, don haka kada in ji kunya, ina da jama'a. Ya ce su sa kalmar a jimla, wata yarinya ta rubuta cewa uwarta ce ke yi wa ubanta haka a gida.

Ya ce, "A ƙa'ida ba mutum ake yi wa ba, abin da mutum ya haifar ake yi wa. Amma na ba ta rabin maki, don na san gidan."

Na ce da ni ce da sifili zan ba ta, in ƙara da kiran uwar. Yarinya ta kwashe sirrin gidansu ta zuba a takardar jarrabawa.

Ya tambayi mai jiki. Na ce da sauƙi.

Asabar, da safe

Fatar cikinta duk ta yi shuɗi-shuɗi, babu sauran wurin soka allura. Ba ta ko motsi in ana yi.

Litinin, bayan la'asar

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Lambar ba ta kai biyu ba, duk da ƙarin ƙwaya. Likita yana tiyata, sai wata babbar nas mai tabarau ta gan mu. Ta daɗe tana duba katin. Ba ta tambayi ko ana shan magani ba. Ta ce, "'Yata, me kike ci?"

Ni na amsa. Na ce ta wannan fannin kada ta damu, babu mai jinya a garin nan da ake ciyarwa kamar ita. Na lissafa mata na safe da na rana da na yamma. Har na buɗe jaka na nuna mata gorar da na zo da ita, don ta sha da zarar an gama ɗibar jini.

Nas ta cire tabarau. Ta ce, "Kullum?"

Na ce ko fashin rana ɗaya babu.

"Tun yaushe?"

"Tun da ta dawo hannuna. Makon jiya ma na ninka."

Ta ce, "Mama, zauna." Dama a zaune nake. Ta ce akwai wani sinadari a koren ganye wanda jiki ke amfani da shi wajen daskarar da jini. Ita kuma ƙwayar nan, aikinta ta hana wannan sinadarin aiki. "Kina ba ta ƙwaya da dama, kina ba ta abin da ke ture ƙwayar da hagu. Mu muna ƙarawa, ke kina ƙarawa. Ba a gaya muku ba ranar sallama?"

Na ce ni ba a gaya mini ba.

Ta ce ganye ba guba ba ne, abinci ne mai kyau, yawan ne da hawa da saukar ke ɓata lissafi. Ta ce kada mu yanke shi gaba ɗaya, don an riga an ƙara ƙwaya daidai da shi. A rage kaɗan-kaɗan, mu dawo Litinin.

Yayarsu ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da idonta kan gorar.

Na san kalmar da ake faɗin wannan abu da ita a Turanci. Ni na buga ta da yatsuna.

Litinin, bayan magariba

Na kwashe duka, na firji da na kwando da na tukunya, na kai bola. Na wanke bilenda na ɗora a saman kabad.

Babansu ya ce, "Ba cewa kika yi an ce a hankali ba?"

Na ce abin da ya cuci 'yata ba zai ƙara kwana a gidana ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Na ba ta ƙwaya. Ban ce ta buɗe baki ba. Ita ta buɗe da kanta, ta ɗaga harshe, ta riƙe shi a haka tana kallona har sai da na fita.

Laraba, da safe

Shinkafa da kifi. Burodi da ƙwai. Ko ganyen albasa ban sa ba.

Alhamis, bayan la'asar

Surukina ya zo. Na zuba masa abinci da kaina, na sa masa tsokar tsakiya. Ya ci yana satar kallona kamar wanda ake shirin yankawa.

Na ce, "Ranar sallama, me aka ce game da abinci?"

Ya ajiye cokali. Ya ce an ce kada ta canza yadda take cin ganye, kada ta yawaita. Ya ce ranar kansa ba ya tare da shi, an yi masa bayanai da yawa a tsaye a baranda, yana riƙe da jakar kayan jaririn da ba a buɗe ba, shi ya sa bai tabbata ba ko daidai ya ji.

Na ce, "Da ka faɗa."

Ya ce, "Haka ne, Umma. Laifina ne."

Wannan yaro. Da ya yi mini musu da ya fi mini sauƙi.

Asabar, da hantsi

Ta goge baki, ruwan ya fito ja. Ta ce buroshin ne. Na sayo mai laushi.

Lahadi, bayan la'asar

Haɓo ya ɓalle mata bayan karyawa. Na sa ta sunkuya, na matse hancin, na ɗora ƙanƙara. Tawul ɗaya ya jiƙe, na kawo wani. Na ga wani tabo baƙi a damtsenta, inda na riƙe ta jiya don in taimaka mata ta tashi. Shatin yatsuna ne.

Babansu ya kira surukina ba tare da ya tambaye ni ba. Ya zo da motar wurin aikinsu, muka zauna a gaba mu uku, injinan firji suna ta ƙara a baya.

A asibiti aka auna, lambar ta haura biyar. Jinin ya tsinke fiye da kima. Likitan da ke aiki yau mace ce, ta tambayi abin da ya canza a makon nan. Na gaya mata. Ta ce, "An ce ku yanke gaba ɗaya?" Na ce a'a, an ce a rage. Ta rubuta kawai. Da ta yi faɗa da na san abin da zan ce.

Sun tsayar da haɓon. Sun dakatar da allura, sun ce a ɗaga wa ƙwaya ƙafa na ɗan lokaci. Sannan suka ba ta wani magani kaɗan ta sha don ya janyo lambar ƙasa. Na tambayi ko mene ne. Likita ta ce sinadarin nan ne na cikin ganye.

Wanda na kai bola.

An riƙe ta za ta kwana biyu. Mijinta ya ce shi zai zauna. Na bar shi, na koma gida.

Litinin, da safe

Ban je ofis ba. Na wanke tawul ɗin, jan bai fita duka ba.

Garin gyaran gira. Ba sai na ƙarasa ba.

Talata, bayan la'asar

Sun dawo. An mayar da ita ƙaramar ƙwaya. Nas mai tabarau ta aiko mini da saƙo ta bakin surukina, ya isar yana kallon ƙasa: ludayi ɗaya na dafaffen ganye a rana, kullum, kada ya ƙaru kada ya ragu, su kuma za su daidaita ƙwaya da shi. Wai ta ce a gaya wa Mama, ba a son ƙwazo.

Shekaruna nawa a duniya, yau ne aka fara ce mini ba a son ƙwazo.

Kafin ya tafi ya zaro sukudireba daga aljihu ya nufi banɗaki, ya tsaya yana duba ƙofar. Bai tambaye ni ba. Na je na ɗauko gwangwanin, na riƙa miƙa masa kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaure, ya gwada, ya ɗiga mata mai.

Daga baranda Babansu ya ce, "Alhamdulillahi, na huta da waƙa."

Alhamis, da rana

Ludayi ɗaya ƙaramin abu ne a kwano. Hannuna ya koma tukunya da kansa, na dawo da shi.

Ta ce gishiri bai ji ba. Rabon da ta ce wani abu game da abinci har na manta. Na ce haka likita ke so. Ƙarya ce, mantawa na yi. Na kawo mata gishirin.

Asabar, da yamma

Kumburin ya saɓe. Ta taka har bakin titi da mijinta, suka tsaya wurin mai lemo, suka dawo. Ina ta taga ina gyara labule.

Surukina ya ce ya shiga ɗakin nasu. Ya ce bai kai kayan ko'ina ba, ita ta ce a bar su sai ta zo. Na ce ba haka na ce a yi ba. Ya ce, "Haka ne, Umma." Amma bai ce zai kai ba.

Litinin, bayan la'asar

Biyu da rabi.

Nas mai tabarau ta juyo da katin ta nuna mini da biro, ta ce, "Mama, ga 'yarki ta ci jarrabawa." Ta ce a ci gaba a haka, za a yi watanni ana sha ana aunawa, amma hatsarin ya ja baya sosai. Na ce Alhamdulillahi. Na yi mata godiya yadda ya kamata.

Muka fito muka zauna a bencin tasha muna jiran mota. Rana ta yi sanyi. Yayarsu ta miƙe ƙafar tana juya ta, ta ce Juma'a za ta koma ɗakinta. Na ce sai an ga lambar mako mai zuwa. Ta ce Juma'a. Na ce to, zan ba ta ludayin ta tafi da shi, don na gidanta ya fi nawa zurfi.

Can ta ce, "Umma."

Na ce, "Na'am."

"Kin ɗauka so nake in bi shi, ko?"

Tun da abin ya faru ba wanda ya ce wa jaririn "shi" a gabana. Ina kallon wani mai gyaran taya a tsallaken titi yana tsoma tayar a ruwa yana neman inda ke tsiyaya.

Na ce, "Eh."

Ta ce, "Na so. Ba sau ɗaya ba. Har yanzu wani lokaci da safe yakan zo mini. Amma ƙwayar ban taɓa fashinta ba, Umma. Ko sau ɗaya."

Ina da abin faɗa. Ya zo har bakina, da ayarsa da karin maganarsa, a shirye. Na haɗiye. Na ce ta janye ƙafarta kada masu wucewa su taka.

Mota ta zo, akwai wuri, ba mu tashi ba.

Ta ce, "Ba ki gan shi ba."

Na ce a'a. Ranar ina waje ina sallamar mutane.

Ta ce sun ba ta shi ta riƙe. Ta ce yana da gashi da yawa, da dogayen yatsu irin na ubansa. Sannan ta juyo ta ƙare mini kallo, ta ce, "Amma goshin naki ne. A tamke. Kamar an kawo masa ƙarar wani yana jiran a gama bayani ya yanke hukunci."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Ita ma ta fashe, ta riƙe cikinta wurin tabon allura tana cewa wayyo. Mutanen tasha suna kallonmu, mace da 'yarta suna ta dariya suna share ido da bakin mayafi.

Wata motar ta zo, yaron mota ya leƙo ya ce, "Hajiya, za ku ne?"

Na ce ya wuce, muna magana.